Rufin dekin: shimfiɗar kwalta, roba ko shafin hana yoyo?

Mai Sabon Gini:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini a cikinmu, domin na kai wani mataki da ra'ayoyi suka yi mini yawa har na rasa wanda zan kama. Gidan da nake ginawa rufinsa shimfiɗaɗɗe ne, wato dekin kankare mai kaurin santimita 15, girmansa kusan murabba'in mita 120, kuma makonni uku ke nan da zuba shi. Niyyata ita ce in ɗora tankin ruwa mai cin lita 2,000 da farantan sola a kai, sannan in bar wani ɓangare da iyali za su riƙa hawa suna shan iska da yamma.

Masu aiki uku na kira, kowa kuma ya zo da nasa. Na farko ya ce a yi shimfiɗar kwalta wadda ake liƙawa da wutar gas, na biyu ya ce a shimfiɗa baƙar robar nan ta EPDM, na uku kuwa ya ce a shafa ruwan foliyuretan kamar yadda ake shafa fenti. Birkilan da ya yi mini ginin ya ce duk ɓarnar kuɗi ce, a sa tayil kawai, ai ruwa ba ya huda tayil. Akwai kuma ƙaramin rufin baranda a bayan gidan, na katako ne, tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3, shi ma ban san abin da ya dace da shi ba. Wanne ya fi ƙarko a cikin waɗannan, kuma wanne ya fi sauƙin gyara idan matsala ta taso?

Hajiya Mai Bene:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin masana su iso bari in roƙe ka abu ɗaya: kada ka bi shawarar birkilan nan, domin ni na bi irinta kuma na ɗanɗana kuɗata. Gaskiya ne ruwa ba ya huda tayil, amma tsakanin kowane tayil da ɗan'uwansa akwai layin siminti, shi kuwa wannan layi rana tana gasa shi, sanyin dare yana matse shi, har ya yi tsaga siririya kamar silin gashi. Daminar farko da ta biyu ban ga komai ba. A ta uku sai wani tabo ruwan ƙasa ya fito a saman ɗakin yara, fentin ya kumbura, idan na taɓa da yatsa sai ya fashe ya zubo da gari. Da aka ɗaga tayil ɗin a lokacin da aka yi watanni ko ɗigon ruwan sama babu, sai muka tarar da yashin da ke ƙarƙashinsa jiƙe sharkaf, yana wari irin na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ashe ruwan shiga yake yi ya kwanta, tayil ɗin kuma ya hana shi bushewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne layin tsatsa da ya bayyana a ƙasan dekin daidai inda rodi ya bi, domin rodin da ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren da ke lulluɓe da shi. Ka sa tayil idan kana so, amma sai bayan an yi abin hana yoyo a ƙarƙashinsa.

Injiniyan Gine-gine:

Hajiya ta yi gaskiya. Ni kuma, Malam, ba zan amsa tambayarka ba tukuna, sai na yi maka tawa. Da aka zuba dekin nan, an ba shi gangara ko an daidaita shi ne kamar daɓen ɗaki? Mafitar ruwa nawa aka bari, mene ne faɗin bututunsu, kuma akwai gajeriyar katangar nan da ke kewaye rufi, wadda wasu ke kira rawani? Amsar waɗannan ta fi sunan kayan da za ka shimfiɗa muhimmanci.

Mai Sabon Gini:

Injiniya, a daidaice aka zuba shi, birkilan ma har alfahari yake yi cewa ko ƙwallo aka ajiye ba za ta gangara ba. Mafita biyu ce a kusurwoyin baya, bututun kowace milimita 75 ne, kuma akwai katanga mai tsayin mita ɗaya a kewaye saboda yara.

Injiniyan Gine-gine:

To, Malam, abin da kake da shi a yanzu tafki ne mai katanga. Rufin da ake kira shimfiɗaɗɗe suna ne kawai, domin kowane irinsa yana buƙatar gangara. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 6229 ta ce idan an gama aiki gangarar kada ta gaza 1 cikin 80, shi ya sa ake tsara ta a kan 1 cikin 40 tun a takarda, don a bar wa kuskuren ma'aikata da ɗan lanƙwasar da dekin ke yi gurbi. A Amurka kuma abin da aka saba shi ne rubu'in inci a kowace ƙafa, wato kusan kashi 2 cikin 100, kuma masu sana'ar a can suna ɗaukar ruwan da ya wuce awa 48 a kwance bayan an ɗauke ruwan sama a matsayin aibi.

Ka yi lissafin da kanka. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, saboda haka idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, rufinka zai karɓi lita 6,000, wato tan 6. Idan ganye ko leda ta toshe bututun nan biyu har ruwan ya kai zurfin santimita 10, kowane murabba'in mita yana ɗauke da kilo 100, jimilla tan 12 ke nan a saman iyalinka. Don haka a ƙara mafita, a mayar da bututun zuwa milimita 100, sannan a huda katangar a sa indararo na ko-ta-kwana 'yan santimita sama da fuskar rufin kuma ƙasa da dokin ƙofar bene, ta yadda duk ranar da ka ga ruwa yana zuba daga gare shi ka san manyan mafitun sun toshe.

Gangarar kuma da daɓen siminti za a samar da ita. Idan wuri mafi nisa daga mafita mita 6 ne, 1 cikin 80 yana nufin bambancin santimita 7 da rabi, 1 cikin 40 kuwa santimita 15. Sai dai kowace santimita ta daɓe tana da nauyin kusan kilo 20 a murabba'in mita, wannan ya sa dole wanda ya zana maka ginin ya tabbatar dekin zai ɗauka, in ba haka ba a yi amfani da daɓe marar nauyi ko allunan kumfa da ake yankowa da gangararsu.

Baba Tsohon Magini:

Injiniya ya gama magana a kan gangara, ni kuma zan tsaya wa kwalta, ko da yaran zamani za su ce tsohon yayi ce. Ɗana, shimfiɗar kwalta ta yanzu ba irin ta da ba ce da ake narkawa a ganga ana zubawa hawa-hawa ana bin ta da tsakuwa. Tun a shekarun 1960 aka fara gauraya kwalta da wasu sinadarai a Turai, kuma iri biyu ne a kasuwa. Mai alamar APP, wadda ta samo asali a Italiya, ta fi jure zafin rana, mai alamar SBS kuwa ta fi taushi da miƙewa kamar roba, shi ya sa ta fi dacewa da ƙasashe masu tsananin sanyi. Yawanci a naɗe take zuwa, faɗin mita ɗaya, tsawon mita 10, kaurin milimita 3 ko 4.

Ga yadda nake gane ma'aikacin kirki. Zai fara share dekin tas, ya shafa shafin share fage wanda muke kira firaima, ya bari ya bushe. Zai cike kusurwar da ke tsakanin dekin da katanga da ɗan tudun siminti don kada shimfiɗar ta karye a lanƙwasa. Zai fara daga wuri mafi ƙasa ya hau sama, kowane naɗi ya hau kan ɗan'uwansa da santimita 10 a gefe, 15 a ƙarshe, kuma yayin da yake bi da wuta yana tura naɗin da ƙafa za ka ga narkakkiyar kwalta ta ɗan leƙo daga bakin mahaɗar, siririya kamar igiya. Idan ba ta leƙo ba wuta ta yi kaɗan, idan zaren ciki ya bayyana wuta ta yi yawa. Bayan ta huce sai ka bi mahaɗun da bakin cokalin birkila, duk inda ya shige to nan ruwa zai shige. Hawa biyu nake yi, na sama mai ƙananan tsakuwa a fuskarsa don kare shi daga rana. Wanda aka yi haka yana iya shekara 20 ko fiye, kuma ranar da ya huje kowane mai tukunyar gas zai iya yi masa faci.

Ɗalibin Zanen Gini:

Baba, da girmamawa, ina ganin ƙarfin hujjarku shi ne rauninta. Rufin murabba'in mita 120 da naɗi mai faɗin mita ɗaya, hawa biyu, ai mahaɗun sun haura mita 200 idan aka jera su, kowace taƙi kuma ta dogara ne ga hannun mutum ɗaya da ke riƙe da wuta a cikin rana yana Allah-Allah ya tashi. Robar EPDM ana yin ta da faɗin da ya kai mita 15, saboda haka rufi irin wannan zai iya samun shimfiɗa ɗaya ko biyu kacal. Tun shekarun 1960 ake rufi da ita, tana miƙewa fiye da ninki uku na tsawonta kafin ta tsinke, hasken rana ba ya cin ta da wuri, kuma akwai rufin da suka haura shekara 30 da ita. Ba a kunna wuta ko kaɗan, da gam da tef na musamman ake aikin.

Idan kuma baƙin launinta ne matsala, akwai wasu shimfiɗun masu kama da leda mai kauri, TPO da PVC, waɗanda farare ne, su kuma da iska mai zafi ake yi wa mahaɗunsu walda har ɓangarorin biyu su narke su zama abu ɗaya. PVC ta fito daga Jamus da Suwizalan tun shekarun 1960, TPO kuwa sai a farkon shekarun 1990 ta bazu, kuma yanzu ita ce kan gaba a manyan gine-ginen kasuwanci na Amurka.

Wani abin da muka karanta a aji yana ba ni dariya duk lokacin da ake wannan muhawara. Shahararren mai zanen gine-gine Le Corbusier, wanda ya fi kowa tallata shimfiɗaɗɗen rufi mai lambu a sama, ya kammala gidan Villa Savoye a kusa da birnin Faris a 1931, masu gidan kuma suka yi ta aika masa wasiƙun ƙorafi saboda yoyo tun daga shekarun farko. Gidan ya shiga jerin kayan tarihi na UNESCO a 2016, amma masu shi da yoyo suka zauna a ciki.

Baba Tsohon Magini:

Ɗana, ka yi karatu, Allah ya ƙara basira, amma ka sake duba abin da mai gida ya ce zai yi da rufinsa. Robar da kake yabo kaurinta bai wuce milimita 1.2 zuwa 1.5 ba, tawa kuwa hawa biyu ta kai milimita 7. Mai haɗa sola zai hau da tsani da ƙusoshi a aljihu, mai gyaran famfo zai ja ƙarfen tanki a kai, yara za su ja kujera. Na taɓa hawa wani rufin roba da aka shimfiɗa ba tare da an manna ta gaba ɗaya ba, sai aka danne ta da tsakuwa, ƙusa ɗaya ta huda ta a gabas, ruwan ya bi ta ƙarƙashi ya ɓullo a ɗakin da ke yamma, muka kwana uku muna kwashe tsakuwa kafin mu ga hujin da bai kai ƙwayar gero ba. Sannan waldar iska mai zafi da kake faɗa tana buƙatar na'ura da wanda ya iya saita zafinta da saurinta. Idan mai gida ba shi da irin wannan ma'aikaci a kusa da shi, wa zai gyara masa bayan shekara 8?

Mai Aikin Rufi:

Ina yi wa Baba da ɗan'uwana ɗalibi sallama. Ku biyun kuna jayayya a kan tsakiyar rufi, alhali a shekarun da na yi ina bin yoyo da wuya in same shi a tsakiya. A bakin bututu yake, ko a gindin katanga, ko a dokin ƙofar bene, ko inda wani ya huda don wuce waya. A irin waɗannan wurare ne shafi ya fi shimfiɗa, domin ruwa ne, yana bin kowace kwana ya bushe ya zama fata ɗaya babu mahaɗa, kuma da yake manne yake da kankaren ko'ina, inda ya huje nan yoyon zai tsaya.

Amma zan faɗi aibinsa da bakina, tunda sana'ata ce. Shimfiɗa daga masana'anta take zuwa da kaurinta, shafi kuwa ma'aikaci ne ke ƙera kaurinsa a kan rufinka, kuma nan ne ha'inci yake shiga. Lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya tana ba da kaurin milimita ɗaya tun tana ɗanya, idan ta bushe kuma ta ragu. Don haka, Malam, idan ana son milimita ɗaya da rabi a rufinka, abin da za a shafa ya haura lita 180. Duk wanda ya zo maka da bokiti huɗu ya ce sun isa, fenti zai yi maka. Ka ƙirga bokitan da idonka, a buɗe su a gabanka, ka hana a tsinka su fiye da yadda aka rubuta a jiki, a kuma sa ƙyallen ƙarfafawa a kusurwoyi da kan kowace tsaga.

Ka kuma tambayi irin shafin. Akirilik yana da sauƙin aiki amma ba ya jure ruwan da ya kwanta, laushi yake yi ya saɓule. Silikon yana jure kwantaccen ruwa, sai dai yana kama ƙura kuma babu abin da ke manne masa daga baya sai silikon ɗan'uwansa. Foliyuretan ya fi su jure takawa, amma yawancinsa yana buƙatar shafin sama mai kare shi daga rana. Dukkansu kuma maƙiyinsu ɗaya ne, wato danshin da ke cikin kankare.

Mai Sabon Gini:

Na gode ƙwarai, Malam. Wannan batu na danshi ya dame ni, domin mai foliyuretan ɗin ya ce zai iya farawa mako mai zuwa tunda dekin zai cika kwana 28. Shin hakan bai isa ba?

Mai Aikin Rufi:

Kwana 28 na ƙarfi ne, bushewa kuma daban take, balle ga sabon daɓen gangara da za a ƙara, wanda masu gini ke yi wa lissafin kusan kwana ɗaya ga kowace milimita a santimita 4 na farko, ko da yake zafi da iska suna rage wannan. Akwai gwaji mai sauƙi: ka yanko leda mai kauri, wadda tsawonta da faɗinta kowanne kamar santimita 45 ne, ka manne ta a kan daɓen da tef ta ko'ina, ka bar ta awa 16 ko fiye. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko wurin ya yi duhu, a dakata. Wanda ya rufe danshi, ko da shafi ko da kwalta, rana za ta mayar da shi tururi ya tayar da ƙuraje a fuskar rufin, wasu kamar tafin hannu, idan aka taka su fashe.

Kawu Mai Ra'ayin Riƙau:

Ni duk wannan wahala ban ga dalilinta ba. A kafa katako a kan dekin, a buga kwano mai ɗan gangara a ɓoye shi a bayan katangar, daga waje a ga gida shimfiɗaɗɗe, daga ciki kuma a yi barci da minshari. Ruwa ba ya gardama da gangara.

Injiniyan Gine-gine:

Kawu, shawararku tana aiki ga wanda ba ya buƙatar saman gidansa, amma Malam ya ce zai hau ya zauna. Kuma kwanon da aka ɓoye a bayan katanga duk ruwansa a kwata ɗaya yake taruwa a cikin gini, ranar da ta toshe ko ta yi tsatsa ruwan ba shi da wurin zuwa sai kan dekin da ba a yi wa komai ba. Kwanon da aka saba da shi ma ba ya son gangara kaɗan, iska tana tura ruwa ya haura ta mahaɗarsa.

Ina so in ƙara abin da ba a taɓo ba, wato zafi, domin shi ne ke tsufar da duk kayan da aka lissafa. Baƙin rufi a tsakar rana yana iya haura digiri 65 a ma'aunin Salshiyas, fari kuwa yana iya kasancewa ƙasa da haka da digiri 25 ko fiye, muddin ana wanke masa ƙura. Kankare kansa motsi yake yi: dekin mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya sauya da digiri 30 tsakanin rana da dare, yana miƙewa ya koma da kusan milimita 3, kullum ta Allah. Wannan motsi ne ke buɗe tsaga, tsagar kuma ta yaga abin da ke manne a kanta idan ba ya miƙewa.

Maganin da na fi so ga rufin da za a taka shi ne tsarin da ake kira juyayyen rufi. A yi abin hana yoyo a kan daɓen gangara, a ɗora allunan kumfa masu tauri na XPS waɗanda ba sa shan ruwa, a shimfiɗa ƙyallen tacewa, sannan a jera falankan kankare ko tsakuwa a sama don su danne. Ta haka rana ba ta ganin abin hana yoyon, ƙusar da Baba ke tsoro ba ta kai gare shi, ɗakunan ƙasa sun yi sanyi, kuma idan ana neman gyara ɗaga falankan kawai za a yi, ba fasa tayil ba. A ƙarƙashin irin wannan kariya kwalta hawa biyu da EPDM da foliyuretan duk suna daɗewa fiye da yadda za su yi a fili, sai zaɓin ya koma kan wanda ka samu ƙwararren mai yin sa.

A kula da abubuwan da ba sa jituwa. PVC ba ta haɗuwa da kwalta ko kumfar folistirin, irin ta XPS ɗin nan, kai tsaye, domin sinadarin da ke sa ta taushi yana ƙaura ya bar ta ta bushe ta tsage, sai an raba su da ƙyalle. EPDM kuma ba ta son mai ko maiƙo, kumbura take yi ta lalace, don haka kada a ajiye janareta a kanta ko a bar hayaƙin kicin mai maiƙo ya riƙa sauka a wurin.

Ɗalibin Zanen Gini:

Injiniya, na karɓi wannan. Sai dai ina tambaya a kan nauyi, domin falankan kankare masu kaurin santimita 5 kaɗai sun kai kilo 120 a murabba'in mita, ga daɓen gangara, ga tanki. Dekin santimita 15 da kansa kilo 360 ne. Anya ba a yi wa ginin yawa ba?

Injiniyan Gine-gine:

Tambaya ce mai kyau, kuma ba a amsa ta daga nesa, sai an ga zanen rodi da tazarar ginshiƙai. Abin da zan iya cewa shi ne ba dole a yi falankan a ko'ina ba, ana iya taƙaita su ga wurin zama da hanyar zuwa tanki, sauran a bar shi da farin shafi ko shimfiɗa mai tsakuwa. Tankin lita 2,000 kuwa tan 2 ne a wuri ɗaya, saboda haka a kan ginshiƙi ko bim, wato kankaren da ke kwance bisa ginshiƙai yana ɗauke da dekin, zai zauna, bisa dakalin kankare da aka zuba tun kafin a fara aikin hana yoyo, yadda za a naɗe dakalin da shi. Haka ma ƙafafun sola: ko a yi musu ƙananan dakali tun yanzu, ko a ɗaure su a jikin tubalan kankare masu nauyi da aka lissafa ƙarfin iska a kansu. Kada a bar kowa ya hau da na'urar huda bayan an gama. Abin hana yoyon kuma ya hau jikin katanga da aƙalla santimita 15 sama da inda ƙafa ke takawa, a cusa bakinsa cikin tsagi a toshe, a kuma yi wa kan katangar hula mai gangarowa ciki.

Hajiya Mai Bene:

Da na san wannan tun farko da ban yi aiki sau biyu ba. Malam, in ƙara maka abin da na koya a gyara na biyu. Kada ka biya cikon kuɗin aiki sai an toshe mafitun an tara ruwa kamar santimita 5 a kan rufin na awa 24 zuwa 48, kai kuma kana ƙasa kana duba silin da fitila, kuma a yi wannan gwaji kafin a rufe shi da komai. Takardar garanti ma ka karanta ta da kyau, domin ta masu kaya daban, ta mai aiki daban. Wanda ya yi mini aikin farko ya ba ni garantin baki na shekara 10, da yoyo ya fara sai lambarsa ta daina shiga. Yanzu sau biyu a shekara nake sa a hau a share ganye a duba bakin bututu, da kuma bayan kowace babbar iska.

Baba Tsohon Magini:

Kun manta da barandar, ni kuma a nan zan sallama wa ɗalibi. Ba na kai wutar gas kan katako, domin harshen wuta yana shiga ta tsaga ya kama ƙura ko busasshen itace a ciki, ya yi ta ci a ɓoye sai bayan ma'aikata sun tafi gida ya tashi. Ko a kan kankare ma ina barin mutum ya zauna gadi aƙalla awa ɗaya bayan an kashe wuta. Rufin mita 4 da mita 3 yanki ɗaya na EPDM zai rufe shi babu mahaɗa ko ɗaya, a manna shi da gam a kan allon katako mai kaurin milimita 18 wanda aka ba gangara. Akwai kuma faiba da ake yi da ruwan gam da zaren gilashi, wadda ta yi kasuwa a Birtaniya a kan ƙananan rufi irin wannan, tana da tauri da kyan gani, sai dai ba ta yafe danshi ko kaɗan a ranar aiki kuma takan tsage idan katakon ƙasa yana motsi. Ni dai roba zan sa.

Mai Sabon Gini:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dakatar da mai foliyuretan, kuma gobe zan kai wa wanda ya zana ginin lissafin daɓe da falanka da tanki. Barandar ta tafi ga EPDM. A babban rufin zuciyata ta karkata ga kwalta hawa biyu a ƙarƙashin kumfa da falanka, saboda a cikin mutum ukun mai kwaltar ne kaɗai ya yarda ya kai ni in ga aikin da ya yi shekara 6 da suka wuce, na kuma hau na bi mahaɗun da makullin mota kamar yadda Baba ya kwatanta da cokali, bai shige ko'ina ba. Abin da ya rage mini shi ne bakin bututu da gindin dakali, inda Malam mai aikin rufi ya ce shafi ya fi. Shin ana iya haɗa biyun, kwalta a fili, shafi a kusurwoyi?

Mai Aikin Rufi:

Ana yi, Malam, amma ba da kowane shafi ba, domin mai da ke cikin kwalta yana iya ɓata wanda ba a yi shi don haka ba, ya canza masa launi ko ya hana shi kamawa. Ka nemi wanda aka rubuta a takardar bayaninsa cewa yana hawa kan kwalta, zai fi kyau ma ya fito daga kamfanin da ya yi shimfiɗar, don kada gobe kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Shafin ya hau kan shimfiɗar da santimita 10 zuwa 15 tare da ƙyallensa. A bakin bututu kuma a sa mazurari mai faffaɗan baki wanda za a cusa tsakanin hawa na farko da na biyu, a ɗan zurfafa daɓen a kewayensa da kamar santimita ɗaya don kada kaurin mahaɗar ya zama tudun da zai tare ruwa, sannan a ɗora masa ragar tare ganye tun ranar da aka gama.